Darasi: Yadda Ake Neman Sabon Magani Cikin Ɗigon Ruwa

Ga shugaban taro: kafin a fara, a samo sirinji sabo marar allura, da ƙaramin cokalin shayi, da rula ta 'yan makaranta, da silin gashin kai guda ɗaya. A kuma haƙa ramukan dara a ƙasa inda kowa zai gani. Za a bukace su a tsakiyar darasi.

'Yan'uwa manoma, cututtuka biyu ne sukan kwantar da aikin gona a ƙasarmu ta Danchadi, Bodinga da Shagari. Ɗaya tana kama mutum, watau zazzaɓin cizon sauro. Ɗayar tana kama sa da raƙumi, watau sammore. Zazzaɓi yakan zo daidai lokacin da ciyawa ta taso wa gero. A binciken da gwamnati ta yi a shekarar 2021, an sami ƙwayar zazzaɓi a jinin ƙananan yara 22 cikin 100 a Nijeriya duka, amma a Jihar Sakkwato abin ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Sammore kuwa, ko da yake ƙudan tsando ba shi da yawa a nan, shanun da suka ci rani a kudu sukan dawo da shi cikin jininsu, sa'an nan ƙudaje masu cizo su ɗauka su kai wa wasu.

Muna da magungunan waɗannan cututtuka. Amma magani yana tsufa. Dattawa sun tuna da kulorokwin, mai ɗaci, mai sa ƙaiƙayi. Da can ƙwaya kaɗan sun isa. A 1978 aka fara ganin zazzaɓin da ba ya jin sa a Afirka ta Gabas, kafin ƙarshen shekarun 1980 ya iso Nijeriya, a 2005 kuma gwamnati ta sake shi ta kama Coartem da 'yan'uwansa. Tushen waɗannan wani ganye ne dangin tazargade, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta fitar da sinadarinsa a 1972. To, shi ma wannan an fara ganin ƙwayar zazzaɓi tana jinkirin mutuwa a gabansa: a Kambodiya a 2008, a Ruwanda a 2020, a Yuganda a 2021.

Don haka tilas a riƙa neman sabo tun tsoho bai gaza ba. Darasinmu na yau a kan yadda ake neman nan ne.

Sai an iya kiwon cuta kafin a kashe ta

Manomin da ke so ya san ko irinsa zai tsira, ba ya shuka gona duka ya zauna jira. Yakan ƙirga ƙwaya 100, ya sa cikin jiƙaƙƙen buhu, bayan 'yan kwanaki ya duba. Mai neman magani ma haka yake so ya yi. Ba zai ba mutane abin da bai sani ba su sha. Yana bukatar ƙwayar cutar da ranta a cikin kwano, inda zai zuba mata abu ya ga ko ta mutu.

Nan wuyar take. Ƙwayar zazzaɓi tana zaune ne cikin jajayen ƙwayoyin jini, in an fitar da ita daga jiki sai ta mutu. Shekaru da yawa masana suna fama. Sai a 1976 mutum biyu, William Trager da James Jensen, a Jami'ar Rockefeller ta birnin Niyok a Amurka, suka ci nasara, da dabarar da za ta ba ku dariya. Suka sa jini cikin 'yan kwanoni, suka jera su a cikin wata babbar tukunyar gilashi, suka kunna kyandir a ciki, suka rufe. Kyandir ya ci wani sashe na iskar har ya mutu don kansa. Ashe irin iskar da ta rage ita ce ƙwayar ke so. Suka riƙa sake mata ruwan abinci kowace rana, suna ajiye ta da ɗumi irin na jikin mutum, ita kuwa ta yi ta haihuwa. Daga ranar nan aka sami abin gwaji.

Ramukan dara

Yanzu a dubi ramukan dara da aka haƙa. Layi biyar, kowane layi rami shida, 30 ke nan. A ɗakin gwaji akwai wani faranti na roba, girman tafin hannu, mai ramuka kamar haka, amma layi 8 ne sau 12, watau rami 96. Wani likita a ƙasar Hangari, Gyula Takátsy, shi ya fara yin irinsa wajen 1951, lokacin wata annobar mura da kayan aiki suka yi masa ƙaranci. A kowane rami sai a sa jini mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓi, a ɗiga wani sinadari dabam. Bayan kwana biyu ko uku sai a zuba wani rini mai ƙyalli, wanda ke kama ƙwayar cuta kaɗai. Ramin da ya yi haske, ƙwayar ta yaɗu. Ramin da ya yi duhu, sinadarin ya kashe ta.

Daga baya aka ƙara matse ramukan, faranti bai ƙara girma ba: rami 384, sa'an nan 1,536. Hannun mutum ba ya iya cika waɗannan, inji ne ke yi.

Me ya sa ake ta ƙanƙanta abin? Shugaba ya ɗauki sirinji ya ɗiga ruwa cikin cokali, jama'a su ƙirga. Ɗigo 20 mililita ɗaya ne, cokalin shayi kuwa mililita 5, watau wajen ɗigo 100. To, mu yi lissafi. A 2010 kamfanin GlaxoSmithKline ya ba da labarin ya gwada sinadarai kusan miliyan 2 a kan ƙwayar zazzaɓi. Da a ce kowane gwaji cokali guda ya ci, da an bukaci lita 10,000, duro 50 ke nan cike da jini da ruwan abinci mai tsada. Wa zai ba da wannan jini? Amma a farantin 1,536, inda rami biyar ke raba ɗigo ɗaya, lita 20 ta isa, jarka guda. Sinadaran kansu ma ba buhu-buhu ake da su ba, wani ɗan abin da aka ajiye bai kai ƙwayar gero ba.

Daga cikin miliyan 2 ɗin nan, wajen 13,500 ne suka kashe ƙwayar, watau ko ɗaya cikin 100 bai cika ba. Kuma kada a ce an sami magani 13,500. Ruwan batir ma zai kashe ƙwayar zazzaɓi, amma ba mai sha. Saboda haka akan sake zuba kowane ɗaya a kan ƙwayoyin halitta na jikin mutum, galibi na hanta. Wanda ya kashe su duka biyu, guba ne, sai a yar.

Lambu a kan allo

Rami yana da aibi ɗaya babba: ruwansa a tsaye yake. A jikin mutum kuwa jini gudu yake yi. Yana bin manyan jijiyoyi, ya shiga ƙanana, har ya kai waɗanda ƙwayar jini ɗaya sai ta lanƙwashe kafin ta wuce. Magani ma ba ya zama wuri ɗaya. In an sha, yakan yi ƙarfi cikin jini, sa'an nan hanta da ƙoda su riƙa rage shi har ya ƙare.

Duk mai lambun albasa ya san bambancin tafki da magudana. Ya san yadda ake jawo ruwa daga babbar hanya, a raba shi ƙanana, a buɗe wa wannan fangali a toshe wa wancan. To, irin wannan ne masana suka yi, amma a kan wani ɗan allo na roba mai haske kamar gilashi, wanda bai fi akwatin ashana ba. A cikinsa an zana hanyoyin ruwa, ana tura jini ko magani ta ciki da ƙaramin famfo, ana kallo da madubin likita. Bari mu kira shi allon magudanai. Wani malami a Jami'ar Harvard, George Whitesides, da almajiransa su suka sauƙaƙa yin sa a ƙarshen shekarun 1990, ta hanyar zuba roba a kan zubi, kamar yadda ake buga bulo.

A dubi rula. Tsakanin ƙaramin layi da na kusa da shi milimita ɗaya ne. In aka raba wannan gida 1,000, kowane gida sunansa maikuron. Silin gashin da shugaba ya riƙe, kaurinsa wajen maikuron 70 zuwa 100 ne. Jar ƙwayar jini kuwa wajen 8. Hanyoyin allon magudanai wasu kamar gashin nan suke, wasu ko kusa.

Ga abin da aka gani da shi. A 2003, a Jami'ar Washinton ta Amurka, aka yi hanyoyi masu faɗin maikuron 8, da 6, da 4, da 2, aka tura ƙwayoyin jini. Masu lafiya suka lanƙwashe suka wuce duka, har ta mafi ƙanƙanta. Waɗanda cutar ta shiga ba da daɗewa ba, su ma suka wuce. Amma waɗanda ƙwayar zazzaɓi ta girma a cikinsu sun yi tauri, suka maƙale, har a hanya mai faɗin 6, suka toshe ta kamar yadda shara ke toshe magudanar lambu. Irin wannan toshewa tana cikin abin da ke faruwa a ƙananan jijiyoyin yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani. Ga abin mamaki kuma: ƙwayoyi masu lafiya sun iya kutsawa ta tsakanin waɗanda suka maƙale. Masu binciken suka ce wannan na iya zama ɗaya daga dalilan da ƙarin jini da wuri ke taimakon mai zazzaɓi mai tsanani. Rami mai tsayayyen ruwa ba zai taɓa nuna wannan ba.

Wasu masana a birnin Faris suka juya tunanin. Saifa ita ce matacin jini, tana kama duk ƙwayar da ta yi tauri ta fitar da ita. To, in aka sami maganin da zai taurara ƙwayoyin da ke ɗauke da irin cutar da sauro ke tsotsa, ai saifa za ta kwashe su, sauro ya ciji mutum ya tashi ba abin da zai kai wa maƙwabci. Suka yi matacin kwaikwayo da 'yan mitsi-mitsin ƙwallayen ƙarfe, suka tace sinadarai fiye da 13,000, a 2023 kuma suka ba da labarin guda biyu da suka fi sauran alamar amfani.

Ruwa a irin waɗannan ƙananan hanyoyi yana da wata ɗabi'a. Ba ya hautsinewa. Ruwa iri biyu sukan yi tafiya gefe da gefe, suna cakuɗuwa a hankali. Saboda haka ana iya shirya rassan hanya yadda fangali na farko zai sami magani mai ƙarfi, na biyu rabinsa, na uku rabin wannan, har na ƙarshe ya sami ruwa zalla. Ana kuma iya sa ƙarfin maganin ya hau ya sauka bisa sa'o'i, kamar yadda yake yi a jiki. Akwai kuma wata dabara: a harba ruwa cikin mai, ya tsinke ya zama 'yan ɗigogi, dubbai cikin daƙiƙa guda, kowane ɗigo da ƙwayar halitta tasa, kamar ɗan kwano mai zaman kansa. Ɗigo ɗaya na sirinjinmu zai ba da irinsu 50,000. Da wannan lissafi, gwaji miliyan 2 ɗin nan ba zai cika rabin cokali ba.

Har gaɓoɓin jiki ana kwaikwaya. A 2010 aka yi huhu a kan allo a Harvard: iska ta sama, ruwa ta ƙasa, tantani a tsakani yana miƙewa yana komawa kamar numfashi. An yi na hanta. A 2022 aka gwada shi da magunguna 27 waɗanda an riga an san halinsu, ya gane 87 cikin 100 na masu ɓata hanta, bai kuma ɗora wa mai kyau laifi ba ko ɗaya. Wannan muhimmi ne, gama cikin magunguna 10 da suka kai matakin gwaji a jikin mutane, wajen 9 faɗuwa suke yi. A ƙarshen 2022 Amurka ta gyara dokarta, ta yarda a karɓi shaidar irin waɗannan alluna maimakon a ce lalle sai ta dabbobi.

Kada wani ya ce abin na nesa ne ƙwarai. Ɗan farin allon da ake ɗiga wa jinin yatsa a asibitin gari don a duba zazzaɓi, ƙanen waɗannan ne. Ɗan jinin da bai kai ɗigo ba yana bin takarda, cikin minti 15 zuwa 20 layi ya fito. An kuma gwada wata na'ura mai ɗan allo irin wannan a Kano, don gane amosanin jini a jikin yara. Sai dai waɗannan na gane cuta ne. Neman magani ya fi su nisan tafiya.

Nisan tafiyar

Wani na iya cewa, to ai shi ke nan, tunda inji na gwada miliyoyi, sabon magani zai riƙa fitowa kowace shekara. Ba haka ba ne. Kamfanin Novartis ya tace sinadarai miliyan 2 da dubu 300 tun kafin 2010. Daga ciki aka sami tushen wani da ake kira ganaplacide. Aka gyara shi, aka gwada a ɓeraye, aka gwada a mutane kaɗan, sa'an nan da yawa. Sai a Nuwamban 2025 aka ba da sakamakon babban gwaji, wanda aka yi da mutum fiye da 1,600 a ƙasashe 12 na Afirka: haɗe da wani tsohon magani, ya warkar da wajen 97 cikin 100. A lokacin kuma saura neman iznin hukumomi. Shekara fiye da 15 ke nan a kan magani guda. Ɗan allo yana gaggauta farkon hanya, yana kuma hana ɓata kuɗi a kan guba, amma ba ya iya gajarta gwajin mutane.

Na dabbobi ya fi wannan ban tausayi. Berenil ya fito ne a 1955, Samorin a farkon shekarun 1960. Su ne har yau ginshiƙin maganin sammore a shanu. Kakanninmu da su suka yi aiki. Dalili ɗaya shi ne kuɗi, gama kamfanoni ba su ga riba mai yawa a jikin sān talaka ba. Ɗaya dalilin kuwa shi ne wanda muka fara da shi. Ƙwayoyin sammore iri-iri ne, kuma wadda ta fi damun shanu a Afirka ta Yamma, mai suna vivax, ta ƙi zama ta yi ta haihuwa cikin kwano yadda ta zazzaɓi ta yarda. Abin da ba a iya kiwo ba kuwa, da wuya a zuba shi a rami dubu. Wata ƙungiya mai suna GALVmed a ƙasar Sikotlan ta yi shekaru tana neman sabo tare da jami'o'i da kamfanoni. A nan gida kuma akwai cibiyar binciken sammore ta Kaduna.

Yadda ake koya wa cuta taurin kai

Ga abin da ya fi shafarmu. In masu bincike sun sami sabon sinadari, sukan so su san ko cuta za ta iya sabawa da shi. Yaya suke yi? Da gangan sukan ba ta magani wanda bai isa kisa ba. Raunana su mutu, masu ɗan ƙarfi su tsira su haihu. Sai a ɗan ƙara, a sake jira. A cibiyar binciken dabbobi ta Nairobi an yi wannan da ƙwayar sammore a jikin ɓeraye, ana ba su sinadarin Samorin kaɗan-kaɗan. Kafin shekara ta cika, ƙwayar ta iya jure abin da ya ninka na farko fiye da sau 90.

To, ku duba. Ƙaramin ƙunshin Berenil, mai giram 2.36, an auna shi ne don dabba mai kilo 300. Babban bijimin Gudali yakan haura kilo 400. Mutumin da ya raba ƙunshi ɗaya wa shanun huɗa biyu don ya rage kuɗi, ko ya ƙara ruwa don ya auku, aikin Nairobi ya yi, amma a jikin sānsa. Ƙudaje kuma za su raba wa garken maƙwabta abin da ya ƙera. Wannan ba sabon abu ba ne: tun 1967 aka ba da rahoton sammoren da ba ya jin Berenil a Arewacin Nijeriya. Jabun magani, mai ɗan sinadari kaɗan a ciki, shi ma hakan yake yi, har ya fi muni, gama mai sa ya biya cikakken kuɗi.

A jikin mutum ma haka ne. Coartem sha 6 ne cikin kwana 3, tare da abinci mai maiƙo ko nono domin ya shiga jini sosai. Yaro ya sha biyu, jiki ya yi sanyi, aka ajiye sauran don ƙanensa: ƙwayoyin da suka rage a jininsa su ne masu taurin. Maganin rigakafin da ake bi gida gida ana ba yara da damina, shi ma na kwana 3 ne kowane wata, biyu na ƙarshe a hannun uwa suke.

Ba kuma kowane ramammen sa ne ke da sammore ba. Tsutsar ciki, da ciwon hanta na shanun fadama, da yunwar bazara, duka suna ramarwa. Malamin dabbobi yana iya ɗiban jini a kunne ya duba da madubi. Allurar da aka yi wa san da ba shi da cutar, kuɗi ne aka zubar.

Aikin wannan wata

Ƙungiya ta roƙi malamin dabbobi ya zo da tef na awon nauyi, ya nuna wa mutum biyu yadda ake zagaya shi a ƙirjin sa, daidai bayan ƙafafun gaba. Sakatare ya buɗe shafi ga kowane san huɗa da kowane raƙumi na 'yan ƙungiya: nauyinsa, ranar da aka yi masa allura, sunan maganin, yawansa, da wanda ya yi. In dabba ta sake kwantawa kafin wata ya cika, a rubuta wannan ma, a kai wa malamin, kada a maimaita maganin nan kafin ya gani.

A taro mai zuwa kowa ya zo da fankon maganin da ya saya a bana, na mutum da na dabba. Za mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowane, mu kuma ji inda aka saye shi da nawa aka biya, don a ga ko zai fi kyau ƙungiya ta riƙa saye a dunƙule daga wuri guda.